Tsarabar Yaya Atiku Daga Rasha

Abbasiya, Alƙahira,
Ƙasar Masar.

Zuwa ga Yayana Atiku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Murja da yara. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa kumburin ƙafar nan ya sauka. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Harun yana ta fama da aikin ofishin jakadanci. 'Yarmu Hidaya kuwa Larabcin Masar ya kama bakinta, idan na yi mata faɗa sai ta dafa kafaɗata ta ce ma'alish, wato ba komai, kamar ni na yi laifin. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda take da lambar wayarka. Ai idan na kira ka, kafin in kai rabin magana ka karɓe ta ka yi mini lacca. Takarda kuwa ba a katse ta.

Ka san na daɗe ina fama da ciwo a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ga kasala, ga tashin zuciya in na ci abu mai maiƙo. Irin naka dai, wanda ka yi shekaru kana kira olsa, in olsar ta gaji ka ce taifod. Kwanan baya abin ya matsa, Harun ya kai ni wurin wani likita, Dakta Isam. Aka gwada bayan gida, aka ga ƙwan tsutsa, irin wadda ake ɗauka daga kifin da bai ga wuta ba. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ko ina cin fasikh. Fasikh kifi ne da ake tura wa gishiri a rufe har ya yi wani irin wari, mutanen nan suna cin sa haka nan da albasa da lemon tsami a bikinsu na shigowar bazara. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, Bakhita, Bahaushiyar Sudan ce, duk shekara takan hawo mana da shi. Harun ba ya ko kallon farantin. Ni ce mai ilimin gidan, mai girmama al'adun mutane, ni nake ci.

Harun bai jira ƙarin bayani ba, ya yanke hukunci. Ya ce khalas, wato shi ke nan, kwanon Bakhita ba zai ƙara hawowa gidan nan ba, Hidaya ma ta daina sauka can cin abinci. Ni kuma na gaya wa matar maganar da ba ta da daɗi a kan matakala. Ta riƙe ƙugu ta ce ya 'yar'uwa, kakarta ta ci fasikh har ta tsufa ta mutu da haƙoranta cif, cikin 'yan boko ne dai ba ya ɗaukar komai sai biskit. Daga ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu.

Shi dai Dakta Isam bai gamsu ba. Ya ce tsutsar kifin Masar a hanji take zama, ɓarnarta kaɗan ce. Amma akwai wata da take hawa ta zauna a hanyoyin da ruwan matsarmama yake bi a cikin hanta, kuma ƙwan su biyun kamarsu ɗaya a madubin ɗakin gwaji, har ƙwararre ma yakan rikice. Hoton cikina da aka ɗauka ya nuna hanyoyin nan sun yi kauri, shi ya sa ya aika abin da aka gwada wurin wata abokiyar aikinsa a jami'a, a yi gwajin DNA. Don Allah in za ka gaya wa Inna, ka bayyana mata tsutsar aka yi wa gwajin, ba Hidaya ba. Yadda na fahimta, kowace halitta tana da rubutunta a cikin jikinta, ko a ƙwai take. Sai su ciro rubutun su kwatanta da na tsutsotsin da aka sani, ya gaya musu sunanta da ƙasar iyayenta.

Ranar da sakamakon ya fito, likitan ya cire tabarau, ya dube ni, ya tambaye ni yaushe na zauna a Rasha. Na ce ban taɓa ba. Ya ce Kazakistan fa, ko Yukren, ko Italiya? Na ce masa iyakar duniyata Funtuwa, Zariya, Saudiyya, sai nan. Ya ce to tsutsar da take hantata ba 'yar Masar ba ce, ba ma 'yar Afirka ba, gidanta kogunan Sabiriya. Harun ya ce lalle an haɗa nawa da na wata Baturiya 'yar yawon buɗe ido. Aka sake karɓa, aka sake gwadawa, ta sake fitowa 'yar Sabiriya. Yaya, na fito daga asibitin nan ban san ko dariya zan yi ba. Ina da digiri biyu, ga tsutsa a cikina ta fi ni yawon duniya. Na yi ta lissafin duk kifin da na ci a rayuwata, daga na liyafar ofishin jakadanci har tarwaɗar Gwaggo Dije, na kasa gano mai fasfo a cikinsu.

A jirgin ƙasa na tuna, muna dawowa daga kasuwa, wata mata ta zauna kusa da ni da ƙunshin kifi a jarida. Tsarabarka ce, Yaya. Duk hutun da ka zo daga Tomsk, can Sabiriya inda kake karatu, kakan kawo busasshen kifin nan mai gishiri, naɗe a jaridar da babu mai iya karantawa sai kai. Inna takan wanke nata ta jefa a miyar kuka ya tafasa. Kai kuma ka ce wannan ƙauyanci ne, a can yage shi ake yi da hannu a ci haka nan. Kowa ya ƙi, sai ni da na shiga jami'a a shekarar, ina neman abin da zai raba ni da 'yan Funtuwa. Muka riƙa zama a zaure muna yagar kifi da shayi, kana ba ni labarin ƙanƙara. Ko daɗi bai yi mini ba.

Da na kai wa Dakta Isam labarin, na zaci zai ce tamam, an gama. Sai ya ce mai yiwuwa ne, amma ba zai rantse ba. In gishirin ya yi yawa kuma kifin ya daɗe, tsutsar takan mutu, in an yi shi sama-sama takan rayu. Ya ce tana iya shekara ashirin a hantar mutum tana zamanta, wani ma ba ya jin komai. Ba a ɗaukarta daga mutum, don haka Harun da Hidaya ba su da damuwa. An ba ni magani, irin na tsargiya ne, sai dai an ƙara yawansa. Ya juya mini kai, amma yanzu da sauƙi, kuma za a ci gaba da duba hantar. Na sauka na ba Bakhita haƙuri. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ashe ɗan'uwanki ne, sannan washegari ta hawo da fasikh faranti guda don a shirya. Likita kuwa ya ce wanke fasikh da aka yi a wannan shari'ar ba ya nufin ba shi da nasa laifin. Farantin yana firij, na rasa wanda zan ɓata wa rai.

Ga abin da ya sa na rubuto. Likitan ya tambaye ni wane ne mai tsarabar. Na ce yayana ne, duk shekarun karatunsa a bakin kogi a Sabiriya ya yi su, kuma yana da olsar da ba ta jin magani. Bai yi dariya ba, shi da yake dariya da komai. Ya ce wanda ya ci da yawa, ta daɗe a jikinsa, tana iya toshe masa hanyoyin nan, kuma ba a raba ta da ciwon daji ba. Ni 'yar ɗanɗane ce, Yaya, hutu zuwa hutu. Kai ka ci na asali. Ban sani ba ko kana da ita. Ban ma tabbata daga gare ka na samo tawa ba, in ka fito lafiya lau sai in koma lissafin kifi daga farko, kuma wallahi na fi son hakan. Amma na gaji da rashin sani, kuma ba na son ranar da za mu sani ta zama ranar da ba ta da amfani. Na san kai injiniya ne, ka karanta komai. Wannan kam ba a karanta shi a waya, sai an duba. In a Kaduna za ka fara, ka gaya musu inda ka zauna da abin da ka ci, don ba za su neme ta da kansu ba. In ba su da gwajin, ka zo nan, ɗakin baƙi yana nan, Dakta Isam ya ce zai gan ka.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata miyar kukarta ta yi gaskiya, amma kada ka faɗa da yawa. Ka gaida Anti Murja, ita ma na aika mata kwafin takardar nan, don kada ta ɓata a aljihun motarka. Gaisuwa ga Al'amin da Zulaihatu, da Kawu Habu, da Gwaggo Dije. Harun da Hidaya suna gaishe ka. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu gana da alheri. Muna jiran ranar zuwanka, kuma don Allah, Yaya, wannan karon kada ka kawo tsaraba.

Taka ƙanwa,
Fauziyya.