Kurangar da Ta Ƙi Kamuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ƙafar taka ta sake ka?

Na je gida. Cutar ta gama da gonar inabin Baba. Ganye duk ya nannaɗe ya yi ja, 'ya'yan sun ƙi nuna. Ya zagaya da ni layi-layi yana gaya wa maƙwabta likitar itatuwa ta iso. Na rasa bakin da zan ce masa wannan ƙwayar cutar ba ta da magani, sai tugewa da ƙonawa.

Amma a ɗakin gwajinmu akwai ɗan labari. Cikin ɗaruruwan kurangun da muka yi wa aure da reshe mai cuta, wata ta jeji, 'yar ƙanjamammiya, ta ƙi kamuwa. Kullum sai na juya ganyenta na duba.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonka. A'a, ba za a kai wa Baba ita ba. 'Ya'yanta ƙanana ne, ko tsuntsu ya ɗanɗana sai ya tofar. Sai an haɗa ta da iri mai zaƙi, a jira, a gwada, a sake. Shugabanmu ya ce shekaru ne masu yawa.

An tuge gonar. Baba ya hana kowa taɓa layin da suka dasa da Mama, shi ya tuge da hannunsa. Da ya gama ya tambaye ni yaushe tawa za ta iso. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, “To, ki yi a hankali, kar ki ɓata aiki don ni.” Tun ranar bai sake leƙa wajen ba.

Taka,
Auta

Yaya,

Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya ji ƙan Baba. Na san da hali da ka zo.

Na koma aiki. Sakamako ya fito: kurangar ba ta ɗauke da cutar, wasu cikin 'ya'yan da muka samu daga gare ta ma haka. Abokan aiki suna ta murna, suna rungume ni. Na fita baranda, na ciro waya na kira lambar Baba, har ta fara ringin kafin na tuna.

Wayarsa tana hannun Goggo. Ita ta ɗauka.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta