Taka a Cibiya, Tawa a Matsematsi

Zuwa ga aminina Malam Sale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyali da sabuwar kujerarka ta Bompai.

Shekara biyu ban leƙo ka ba, kana ta aike ko lafiya. Ba lafiya ba, Sale. Ƙyashinka nake yi, kuma a kan ciwon ƙaba.

Ka tuna mu a kamfanin fata a Challawa, muna ciccibar jiƙaƙƙun fatu? Kai ne mai cewa fatar saniya ta fi saniyar nauyi. Ashe tare ƙabar ta kama mu. Taka ta fito a cibiya kamar goruba. Ka ɗaga riga gaban manaja, har mai shayi ya gani. Asibitin kamfani ya ba ka takarda, aka yi maka aiki, aka mai da kai siton kamfani na Bompai, ƙarƙashin fanka.

Tawa kuwa sai ta zaɓi matsematsi. In na yi tari ta leƙo, in na kwanta ta koma. Yanzu ta fara gangarawa inda ake ce mata gwaiwa ana ƙunshe dariya. Kai ka kawo mini bayanin likita, cewa bangon ciki ne ke rauni hanji ya sami kafa, kuma ranar da ya maƙale, sai abin da Allah ya yi. Ba ka san da ni kake ba.

Kamfani ba ya karɓar takardar wani asibiti sai nasa. Ka kuma san mai duba maza a can: Nura, mijin 'yata. Yaron da ko ruwa ba ya sha a gabana, shi zan kwance wa zariya? Sau uku ina zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, in ce awon jini na zo.

Jiya da rana ƙabar ta ƙi komawa. Na daɗe bayan buhunan gishiri ina lallaɓa ta kafin ta koma. Na ji tsoro, Sale, kuma kai kaɗai na tuna.

Na san Nura yana karanta duk abin da na sa a shafina na sada zumunta, kuma a nan na sa wasiƙar nan. To, ya karanta, bakina ba zai iya ba. Ranar Litinin ka zo ka raka ni, ka tsaya mini a bakin ƙofa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya cire mini abin da ke raina tun kafin a taɓa wanda ke cikina.

Naka har kullum,
Habu na Zawaciki