Tsarabar Salala

Salala, Oman
Ranar Talata

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki? Ina fatan kumburin ƙafar ya ragu, kuma kina iya cin abincin asibitin ko kaɗan ne. Ya Abba? Ni lafiyata ƙalau. Gwaggo Basma, wadda na sauka a gidanta, tana gaishe ki, ta ɗauki hutu a wurin aiki saboda ni.

Kin ce in rubuto miki da hannu, da Hausa, don ki ga ko wahalar da kika sha a kaina ta yi amfani. Ga shi ina ƙoƙari. In na gama zan ɗauki hoton takardar in tura wa Abba ya karanta miki. Kada ki bari ya yi dariyar kurakuraina.

Umma, hoton Salalan nan da kika liƙa a jikin firijinmu bai yi ƙarya ba. Ƙasar Larabawa ce, amma duwatsun kore shar, ga hazo, ga yayyafi kullum kamar unguwarmu Dagenham a Landan, sai dai babu sanyi. Jiya mun je Wadi Darbat. Ruwa yana zubowa daga kan dutse, raƙuma suna kiwo cikin ciyawa. Gwaggo ta ce in matsa kusa da ɗaya ta ɗauke ni hoto, na ƙi. Ta ce, "Ke da kike shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ke kaɗai, raƙumi ne zai ba ki tsoro?"

A jirgi, kujerar da ke gefena taki ce, da ciwo bai hana ki tahowa ba. Wani mutum ya ɗora jakarsa a kai. Na so in ce ya ɗauke, na kasa.

Kin san ba da son raina na taho ba. Ke kika ce in je in zama idonki, za ki jira ni. Ina riƙe da wannan maganar. Ban manta da turaren lubban ɗinki ba.

Taki,
Mufeeda

Salala, Oman
Ranar Lahadi

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Duk lokacin da na kira, Abba cewa yake kina barci. Ya ce sabon maganin ne yake sa ki haka. Na yarda, amma ko sallama kawai ki yi mini a waya ya turo, ta ishe ni.

Mun zaga da yawa. Mun je Al Baleed, kufan wani tsohon birni a bakin teku. Masallacinsa ya rushe, sai guntayen ginshiƙai a jere kamar masu jiran liman. Mun je Sumhuram, inda ake cewa jiragen ruwa suna ɗaukar lubban tun zamanin da. Na ga bishiyar ma. Ba ta da kyau, Umma, gajera ce, duk a karkace. Ana ɗan tsaga jikinta, farin ruwa ya fito ya bushe, shi ne turaren. A kasuwar Haffa wata tsohuwa ta zaɓo mini mai hasken cikinsa da na ce na mahaifiyata ne. Yana cikin jakata, kayana duk sun ɗauki ƙamshin ɗakinki.

Ranar Alhamis muka je Mughsail, inda teku yake fesowa ta wasu ramuka a cikin dutse. Na tsaya ina leƙe sai ya feso ya jiƙa ni har mayafi. Na yi dariya sosai. Na tura wa Abba hoton da Gwaggo ta ɗauke ni, ya nuna miki?

Jiya kuma mun hau dutsen da ake cewa kabarin Annabi Ayyuba yana kai. Na roƙa miki lafiya, na daɗe. Da na juyo sai na ga Gwaggo tana kuka har tana riƙe bango. Ta ce wurin ne ya taɓa mata zuciya. Da muka dawo gida ta soya waina mai yawa ta raba wa maƙwabta, ta ce sadaka ce kawai. Ta daina sa jan-baki, ta daina tsokanata. Ko na yi mata wani laifi ne?

Na ƙagu in dawo. Ki jira ni.

Taki,
Mufeeda

Dagenham, Landan
Ranar Laraba

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum. Ina kwana? Ya haƙuri? Na san bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma in na tsaya a gabanka maganar ƙin fitowa take. Shi ya sa zan tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarka.

Tun da na dawo ban ce maka komai ba sai gaisuwa. A filin jirgi na tambaye ka ko za mu wuce asibiti kai tsaye, ka ce mu fara zuwa gida in ajiye kaya. Takalman mata na gani cike da bakin ƙofa, shi ne na gane. Ba wanda ya gaya mini, Abba. Takalma ne suka gaya mini.

Matan da suka zo gaisuwa sun ce haka ake yi a gida, ba a gaya wa matafiyi rasuwa sai ya sauka, balle yarinya. Sun ce ka kyauta mini. Na sunkuyar da kai kamar yadda Umma ta koya mini. Amma ni a nan aka haife ni, ban san wannan ba. Da na sani, da kowane "tana barci" ya tayar mini da hankali, da na yi kuka har Gwaggo ta sa ni a jirgi.

Na duba wayata. Hoton Mughsail, wanda nake dariya baki buɗe, ranar Alhamis ne, ranar da kuka kai ta. Kana makabarta na turo maka shi. Ka amsa da "Masha Allah". Na kasa goge hoton, na kasa kallonsa. Na hau dutse na roƙa mata lafiya alhali tana cikin ƙasa, kuma Gwaggo tana tsaye a bayana ta sani. Wainar da na ci ina yaba daɗinta, sadakar ukun mahaifiyata ce.

Jiya Gwaggo ta kira ta ce in daina fushi da kai. Ta ce Umma ce ta sa ka yi alkawari kada a katse mini tafiya, don ba ta ga wurin ba, ba ta so ni ma in rasa rabinsa. Ta ce wasiƙar farko ka karanta mata tana ji, har ta yi murmushi a wurin raƙumin, ta ce Hausata ta nuna. Ta biyun kuma ka buga ta a takarda, ka je bakin kabarinta ka karanta kai kaɗai.

Ban san ko na yafe ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ta ce za ta jira ni. Ban san da wa zan yi fushi ba, da kai ko da ita, kuma ina jin kunyar yin fushin da kowannenku.

Abu biyu nake roƙo. Ranar Asabar ka kai ni in ga inda take.

Na biyu, lubban ɗin yana nan ban buɗe ba. Na fito da kaskonta, na sami gawayin a inda take ajiyewa. Ka tuna in za ta yi turare, kai take kira ka rufe ƙararrawar hayaƙin da ke manne a saman falo da tsohuwar safarka, don kada ta tara mana maƙwabta? Na hau kujera na gwada, hannuna bai kai ba. Safar tana kan tebur. In ka idar da sallah ka fito, ina falo.

'Yarka,
Mufeeda