Kunun Alhaji Badamasi

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafarki? Yaya Ummi da yara, da duk mutanen Dugabau? Ni lafiya lau, sai ɗan rauni da na ji a hannu wajen sauke kaya. Sati uku ban fita aiki ba, amma kada ki damu, ya kusa warkewa.

Na ji an yanka mana sabuwar mazaɓa, an raba mu da Gwarzo. Allah ya sa alheri. Ni dai gabana ya faɗi, don a nan Fatakwal ƙungiyar 'yan mazaɓarmu ce ke riƙe da ni, kuma yawancinsu 'yan Gwarzo ne. Da shugabanmu Alhaji Badamasi ya kawo min kunu, na ce, "Alhaji, yanzu fa ni ba ɗan mazaɓarku ba ne."

Ya ce, "Sha kununka, Mudassir. Ni ba ƙuri'a na zo nema ba."

Don Allah, Inna, ki tura Ummi Gwarzo ta gaida mahaifiyarsa, ta kai mata daddawar nan taki. Har yau bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Ɗanki,
Mudassir