Kwalbarki Tana Firjin Shagona

Ya hasken idona, inuwata ta tsakar rana, raɓar safiyata mai taurin kai,

Ba zan ja gaisuwa ba, raina a ɓace yake. Yayarki ta faɗa mini wata biyu ke nan kin daina shafa maganin fuskarki. Wai don mahaifiyata ta ga ainihin fuskarki, kada gobe a ce an rufe mu. To, ta gani! Ta ga ƙurajen sun dawo jajur a kumatunki da gefen hancinki, ta koma gida tana cewa ciwon gado ne, ba da jikokinta ba. Hankalinki ya kwanta?

Shekara uku fa! Shekara uku kina lakato ɗan mitsitsi da yatsa, safe da yamma, kina gudun rana kamar furen da aka tsinko, har suka lafa. Duk kin watsar don ki kore ni.

Kin manta ranar da firjinku ya mutu? Kika shigo shagona da 'yar kwalba cikin kofin ƙanƙara, ruwa na bin hannunki, kika ce in ta ɗumama ta lalace. Na bar injin wani a buɗe na bi ki. Ranar ƙurajen suna nan cunkus, ya farin watana. Wannan fuskar na fara gani, ita ta hana ni sakat. Me kuma za ki nuna mini?

Ban yi boko mai nisa ba, amma takardar maganin nan na bi ta kalma-kalma da ƙamus har ta yage. Na san ba ya warkarwa, dannewa yake yi, kuma shafa ce har ƙarshen rai. Na san ɗanmu zai iya ɗaukowa, rabi da rabi in ji likita. Abin yana tsorata ni, ba zan ɓoye ba. Amma tsorona ne, wa ya ce ki yanke hukunci a madadina?

Na karɓo sabuwar kwalba wajen mai haɗa magani. Tana firjin shagona, can sama, na kwashe ruwan sanyin da ke wurin. Kwana talatin take yi ta lalace, yau saura sha ɗaya. In ba ki zo ba zan zubar, in karɓo wata. Ita ma haka. Mu ga wanda zai fara gajiya.

Naki, ko da maganin ko babu shi, har a rufe ni da ƙasa,
Mai gyaran firjinki