Muryar Inna a Fim ɗin Dambo

Wudil, ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya Khaulat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zafin Gombe? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana takawa masallaci ba sanda.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali muna waya kullum. Duk sanda kika kira, Baba yana kusa, yana jira in miƙa masa. Maganar nan kuwa ba ta gabansa ba ce, shi ya sa na rubuta na ba direba ya kawo miki.

Kin tuna Ɗayyabu, abokina na sakandare? Yanzu shi da wasu yaran jami'a suna shirya finafinai. Da damina ya zo ya ce suna son yin fim ɗin barkwanci a kan labarin Dambo Sarkin Ruwa, wanda ya bi kogi ya yaƙi kadan da ya hana mutane fito, ya yi shekaru kafin ya ga gida. Ya ce duk ƙasar Wudil ba mai waƙar nan daga farko har ƙarshe sai Baba. Na gaya masa tun rasuwar Inna Baba ya rataye gurminsa. Sai ya tambaya ko akwai tsohon kaset.

Yaya, na buɗe akwatin Inna da kika bar min amana, na ɗauki kaset ɗin da ke ƙarƙashin zannuwanta na ba shi. Ban saurara ba, don ba mu da rediyon kaset. Ban shawarci kowa ba. Daɗi kawai na ji an ce waƙar ubana za ta shiga fim.

Jiya da aka tashi kasuwar shanu suka nuna shi a gidan kallon ƙwallo na bakin gada. Ba zan yi miki ƙarya ba, fim ɗin ya yi kyau. Dambon da Baba ke yi wa kirari ruwa na tsoronsa, sun mai da shi wani siririn ɗan fito da ko alwala zai yi sai ya runtse ido. Shi kuma kada ciwon haƙori ke damunsa, shi ya sa yake tare jirage yana neman mai cire masa. Matar Dambo tana gida, duk wanda ya zo ta'aziyya sai ta sayar masa da wani abu na mijin. Ƙarƙashin duk wannan gurmin Baba ke tafiya, sun ƙara masa kalangu da sarewa. Rabona da dariya irin wannan tun kafin mu rasa Inna.

Akwai wurin da kada ya biyo Dambo, wandonsa ya maƙale a jikin jirgi, ya faɗa ruwa tsundum. Nan take sai muryar mace ta yi amshi: "Dawo gida, Dambo, tuwo ya huce." Ɗakin ya kece da dariya, ni har na zamo daga benci. Sai da ta maimaita na gane. Inna ce. A tsakar gidanmu suka ɗauka, ita da Baba su kaɗai, har ana jin ƙarar rariyarta tana tankaɗe. Matar da in akwai baƙo a zaure ko kiranmu ba ta ɗaga murya ta yi.

Abin da ya fi cin raina shi ne ban tashi na fita ba. Na zauna har ƙarshe, kuma na ci gaba da dariya.

Ki gaya min yadda zan yi. Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Mudassir.

Wudil, ranar Laraba.

Yaya Khaulat,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kin wuni lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

Duk abin da kika faɗa min a waya na ji, ban kuma ga laifinki da kika kashe ba sallama ba. Kin ce in je in karɓo kaset ɗin, in sa su cire muryar Inna. Na je tun washegari.

Ɗayyabu ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ranar da suke kwafa, tsohuwar rediyon da suka aro ta cinye zaren, ta yayyaga shi. Ya nuna min ragowar a cikin leda. Abin da suka samu kwafa kuma, da suka gama haɗa fim suka goge shi daga kwamfuta don samun fili. Bai san muryar wa ce ba, ya zaci wata 'yar amshi ce ta da. Da na gaya masa, ya dafa kai ya yi ta ba ni haƙuri. Ban iya yi masa faɗa ba. Shi bai buɗe akwatin kowa ba.

Batun cirewa kuwa ya wuce. Fim ɗin ya shiga wayoyi. Masu ɗiban yashi suna rera amshin a bakin kogi, mata na tsokanar mazajensu da shi. Har daga Lajawa wani ya kira ni yana taya ni murna.

Shekaranjiya Baba ya je sayen kifi. Mai kifin ya ce, "Malam Gwadabe, ashe kai ne a fim," ya kunna masa wurin amshin Inna a wayarsa. Baba ya dawo ba kifi. Ya zauna a zaure har aka kira azahar. Da muka dawo daga masallaci ya tambaye ni abu ɗaya: "Kai ka bayar?" Na ce ni ne. Ya ce, "To." Tun daga nan in an kawo abinci sai ya sa a raba mana kwano. Da ya zage ni, da ya fi min sauƙi.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Mudassir.

Wudil, ranar Lahadi.

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da kiran da kika yi jiya, ko da ba ki ce kin huce ba. Ga abin da na kasa faɗa miki Baba na zaune.

Ranar Alhamis da hantsi ya kira ni ya ce in kunna masa fim ɗin gaba ɗaya. Na jingina wayar da buta, muka zauna a tabarma. Da farko fuskarsa a ɗaure, yana ta gyara musu, wai Dambo bai taɓa sa hula a cikin jirgi ba. Da kada ya buɗe baki yana nuna wa Dambo haƙorin, na ga kafaɗar Baba tana rawa. Ya yi tari ya ɓoye. Ni kuma na cije leɓe, don wallahi har yanzu wurin yana ba ni dariya.

Da muryar Inna ta fito sai ya ɗaga hannu. Na tsayar. Ya ce, "Mayar baya." Na mayar, ya sake cewa in mayar, har na daina jira ya faɗa. Daga baya ya ce ran nan ita ta matsa a ɗauka, wai ko don jikoki. Shi kuma tun da ta rasu ya kasa sauraro, yana ta cewa sai wata rana.

Nan na gaya masa kaset ɗin ya lalace. Ya ce, "Ke nan wannan ce ta rage." Na ce ita ce. Ya miƙo min ƙaramar wayarsa ya ce in sa masa wurin kawai.

Na kai wa Ɗayyabu, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma muryar ba ta rabuwa da sauran. Kafin Inna ta buɗe baki dole sai an ji ihun Dambo da faɗawarsa ruwa. Haka na kawo wa Baba.

Yanzu kullum bayan la'asar ina jiyo shi daga ɗakinsa. Ihun ya zo, ya ɗan yi dariya ta hanci, sannan Inna ta yi amshi, sai shiru. Can kuma ya sake kunnawa. Bai ce ya yafe min ba, ni ma ban roƙa ba, don ban san bakin da zan roƙa da shi ba. Ni na sa duk sanda yake son jin matarsa sai wani ya faɗa ruwa tukuna.

Jiya ya ce in tambaye ki ko kina so a tura miki. Na ce masa kina fushi. Ya ce, "Tambaye ta dai. Uwarta ce."

To, ga shi na tambaya. In kin ce a'a, na fahimta. In kin ce e, ki nemi wurin da yara ba sa kusa, don za ki yi dariya kafin ki ji ta, kuma ba za ki so a gan ki ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya bar mu tare.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Mudassir.