Sun Ce Ruwan Da Aka Zuba Mini Bai Isa Ba

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Lahadi mai zuwa. Kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na kai wa maganar nan sai ya ƙare da gayyatata cocinsu.

Watana bakwai da aure. Maigidana kafinta ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutumin da a littafi ake cewa in ya shigo ɗaki sai zuciya ta tsaya cak. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, akwatinsu ya fi na zannuwana nauyi ranar da na tare. Na san abubuwan da ke raba masoya: talauci, mugun kawu, wasiƙar da ta ɓata a hanya. Ban taɓa karanta inda yawan ruwa ya raba su ba.

A cocin da na tashi, jarirai ake yi wa baftisma. Ina da wata biyu Baba ya ɗauke ni a hannunsa, fasto ya yayyafa mini ruwa a goshi. Hoton yana ɗakin Mama har yau, ina tsala kuka, Baba yana dariya. Ya rasu ina shekara tara. A cocin su maigidana kuwa sai mutum ya girma ya shaida da bakinsa, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya a wani ramin siminti da ke bayan mimbari. Kafin aure ba wanda ya ta da zancen, kowa hankalinsa na kan kalar kayan da za a sa.

Ranar farko da aka yi jibin Ubangiji bayan na tare, wato gurasar da ake raba wa masu baftisma a coci, dattijon da ke zagayawa da faranti ya iso kaina, ya yi mini murmushi, ya tsallake ni ya miƙa wa matar da ke gefena. Hannuna a buɗe yake, Anti. Sai na ɗaga shi na yi kamar ɗankwali nake gyarawa. A hanyar gida surukata ta bayyana mini cikin ladabi cewa abin da aka yi mini ina jaririya wankin fuska ne. Ta riga ta ba da sunana cikin waɗanda za a nutsar ranar Lahadin nan, har ta ɗinka mini farar riga, ta jera ƙananan duwatsu a cikin kalmasar ƙasa don kada rigar ta taso a ruwa.

Na kira Mama a waya na gaya mata. Sai ta ce in na shiga ramin nan, na shaida wa duniya cewa Baba wahalar banza ya yi da ya kai ni, kuma shi kansa, da yake yayyafin aka yi masa, an binne shi ba baftisma ke nan. Tun ranar in na kira ta, daga lafiya lau ba ta ƙara komai.

Nan ne na yi dabarar da nake jin kunyar faɗa. A littattafaina, in gidaje biyu suna gaba, sai a haɗa su a kan abinci, yarinyar ta miƙe ta yi magana mai ratsa zuciya, tsofaffi su share hawaye su rungumi juna. Kwana uku ina haddace jawabina a gaban madubi. Na gayyaci fastonmu da fastonsu cin abincin rana, ban gaya wa kowa ɗayan zai zo ba. Kowa ya zo da littafinsa a hammata. Littafin nan ɗaya ne, har baƙin bangon iri ɗaya, sai dai wannan ya ja layi da jan biro, wancan da shuɗi, kuma ba su ja a wuri ɗaya ba. Namu ya ce ai an yi wa gidaje ɗungum baftisma, ina aka taɓa ganin gidan da ba jariri. Nasu ya ce an rubuta an gangara cikin ruwa an fito, shi bai taɓa ganin wanda ya gangara cikin kofi ba. Ni kuwa jawabin nawa, daga "iyayena" ban samu na ƙara kalma ba. Sau ɗaya bakinsu ya zo ɗaya, lokacin da lasifikar cocin masu sujada ranar Asabar ta tashi daga ƙarshen layi, suka girgiza kai tare cikin tausayi. Sun cinye abincin tas.

Abin bai tsaya nan ba. Maigidana, wanda a da ko addu'ar abinci sai an roƙe shi, ya ce ya saurare su da kyau, dukansu sun kauce. Wai gaskiyar tana tsakiya: a shiga ruwa iya gwiwa, sannan a zuba a ka. Ya sami wani mai gyaran rediyo da mijin yayarsa sun yarda da shi. Ya ƙera benci uku, ya auna falonmu da tef, yana duban inda kabad ɗin littattafaina yake da wani irin ido. Ba su fara sujadar tasu ba tukuna, amma har sun saɓa a kan ko za a riƙa tafi.

A layinmu kaɗai coci biyar ne, huɗu shi ya ƙera musu mimbari, kuma an ce duka daga coci ɗaya da ake yi a wani ajin makarantar firamare suka fito. Anti, me ya raba mu haka? Allah ɗaya, littafi ɗaya. In shiga ruwan in rasa Mama, ko in ƙi in zauna ana tsallake ni a gaban dangin miji?

Taki,
Amaryar Kafinta

*

'Yata Amaryar Kafinta,

Ki kwantar da hankalinki. Mutanen da suka fi ki furfura sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan muhawara, ba za a tuhume ki don abincin rana ɗaya bai kashe ta ba.

Kin tambayi dalilin rabuwar. Wani ɓangaren na gaske ne, kada ki raina shi. Cocinku na ganin baftisma kyauta ce daga Allah, tana riskar mutum tun bai san hannun damansa ba, shi ya sa suke kai jariri. Cocin mijinki na ganin amsa ce da mutum ke bayarwa da kansa, shi ya sa suke jira ya girma. Duka biyun masu tsoron Allah ne suka karanta suka fahimta haka. Akwai kuma rabuwa a kan wa ke da ikon fassara, shugaba ko taron dattawa ko kowa da kansa. Akwai wadda harshe da nisan ƙasa suka jawo. Sauran kuwa, kuma suna da yawa, wani ne bai samu kujerar gaba ba, ya fita da mutanensa, aka nemo ayar daga baya. Yadda ake haifar irin wannan ba sai na kwatanta miki ba, ana auna miki falo.

Ga abin yi. Gobe ki je wurin faston mijinki, ke da mijinki, ki ce a cire sunanki daga na wannan Lahadin. Ba ƙi kika yi ba, jinkiri kika nema. Ba zai iya musa miki ba, domin koyarwarsa ce ta ce sai mutum ya gamsu da kansa, wanda kuwa ya shiga ruwa don tsoron suruka wanka kawai ya yi da kaya a jiki. Ki tambaye shi kuma ko suna barin baƙo mai bi ya ci jibi, wasu suna bari. In ya ce a'a, ranar jibi ki je cocin Mama ki ci, sauran Lahadin ki zauna kusa da mijinki. Surukarki kuma ki gode mata da gaske. Macen da ta zauna ta ɗinka miki riga da hannunta ba ƙinki take ba, so take ki zama tasu ta hanyar da ta sani.

Shi kuwa maigidan, kada ki yi masa dariya a gaban mutanensa. Ki gaya masa ku biyu cewa kafinta kika aura, kuma ba a kafa coci a falon mace ba da yardarta ba. In karatu suke so, su yi a shagonsa. Ina zaton zancen tafi zai gama muku sauran aikin.

Mama ce babbar magana. Ki bar waya, ki je da ƙafarki. Ba koyarwa take karewa ba, mijinta take karewa. Ki ce mata a fili, duk abin da kika zaɓa nan gaba, ba ki taɓa shakkar inda Baba yake ba. Wannan take jira ta ji daga bakinki.

Daga nan ki karanta da kanki, a hankali, ba biron kowa a shafin. In shekara ta zagayo kika ga zuciyarki na son nutsewar, ki fara gaya wa Mama kafin kowa, ki roƙe ta ta zo ta riƙe miki tawul. In kuma kika ga wanda aka yi miki ya ishe ki, ki faɗa wa surukarki da bakinki, kada ki aika mijinki.

Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sanyaya zuciyar iyayenki mata biyu.

Antinku